Kuloci ne ko giya? Tambayoyi da amsoshi ga masu tsofaffin motoci

Waɗannan tambayoyi ne da ke ta dawowa daga bakin masu tsofaffin motoci masu giyar hannu, irin su Golf 3, Corolla, Vectra da Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975. Abin da ya sa na tattara su shi ne yawan giyabos da ake saukewa a banza, alhali ciwon yana waje, inda hannu ke kaiwa. Mafi yawan abin da ke damun kuloci da giya, direba na iya gano shi yana zaune a kujerarsa, kafin a taɓa noti ko ɗaya.

Mene ne aikin kuloci, kuma me da me ke cikinsa?

Kuloci shi ne mai haɗa inji da giyabos, shi ne kuma mai raba su. A bayan inji akwai wani babban faifan ƙarfe mai nauyi, fulawil, da ke juyawa tare da inji. A jikinsa ake jingina filet, wato faifai mai ɓawo irin na birki a fuska biyu, wanda ke zaune a kan sandar da ke shiga giyabos. Sai murfi mai sifirin da ke matse filet ɗin a jikin fulawil. Idan ka taka feda, wani boris yana danna yatsun sifirin ɗin, murfi ya saki, filet ya tsaya ko da inji na juyawa.

Don haka lalacewar kuloci iri biyu ce a taƙaice: ko ya kasa kamawa, ko ya kasa saki. Alamominsu ba sa kama da juna, maganinsu ma daban ne.

Kulocin motata na waya ne ko na mai? Ya zan gane?

Buɗe bonet ka dubi saman giyabos, wani ya riƙa taka feda. Idan ka ga waya mai kauri tana jan wani hannun ƙarfe, na waya ne, kamar yawancin Golf 3 masu injin 1.8 da Vectra ta farko. Idan bututu ka gani da ke zuwa ga wani ƙaramin silinda mai tura sanda, na mai ne, kamar na Corolla da 504. Na mai yana da masta biyu, wato ƙananan silindojin da mai ke aiki a cikinsu: ta sama a bayan feda, ta ƙasa a jikin giyabos. A wasu motoci, irin Vectra B, mastar ƙasan tana can ciki haɗe da boris, ba a ganinta, ba a kuma canza ta sai an sauke giya. Man da suke sha man birki ne, DOT 3 ko DOT 4, wasu daga kofinsu na daban, wasu daga kofin birki.

Giya ta ƙi shiga. Laifin kuloci ne ko na giyabos?

Wannan ce uwar tambayoyin, kuma gwajinta bai kai minti ɗaya ba. Kashe inji, taka kuloci, ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya har ribas. Sannan ka tayar da inji ka sake gwadawa.

Idan duk suna shiga lafiya a kashe, amma da inji ya tashi sai su ƙi ko su yi gurza, kuloci ne bai saki ba; je ka amsar da ta yi maganar ƙarar ribas. Idan ko a kashe ba sa shiga, ko sandar giya na yawo ba ta samun hanya, to a fara da mahaɗan da ke tsakanin sandar da giyabos. Idan kuwa giya ɗaya tak ke gardama sauran lafiya lau, musamman a kan tafiya, nan ne ake zargin cikin giyabos. Ka lura, a kashe wani lokaci ta ɗaya ko ribas kan cije saboda haƙora sun yi karo baki da baki. Ka ɗan tura motar ta motsa, in ta faɗa, ba komai.

Ina taka totur, inji na ihu, mota ba ta ƙara gudu. Me ya faru?

Kuloci na sulɓewa. Yakan fara bayyana a giya ta huɗu ko ta biyar, a kan hawa ko da kaya, domin a nan ne nauyi ya fi yawa a kansa. Ka gwada a hanyar da babu cunkoso: kana tafiyar kilomita 50 a awa, sa babbar giya ka danna totur har ƙasa. In ƙarar inji ta tashi maleji bai bi ta ba, magana ta ƙare. Akwai gwajin tsaye kuma: a fili inda babu kowa a gaba, ja birkin hannu, sa giya ta uku, ɗan ƙara wuta, ka saki kuloci a hankali. Lafiyayyen kuloci zai kashe inji nan take. Kada ka maimaita wannan gwaji, yana cin filet.

Amma kafin a ce filet ya ƙare, a duba wasan feda. Idan ka taɓa feda da hannu ya kamata ta ɗan sauka a sake kafin ta yi nauyi. A Corolla wannan wasa milimita 5 zuwa 15 ne. In an ɗaure waya ta yi tsauri, ko an zuƙe sandar mastar sama har wasan ya ɓace, tamkar ƙafa na kan kuloci ne dare da rana. Sassautawa kawai kan warkar da shi, in an yi da wuri. Abu na biyu mai: in baƙin mai ko man giya ya ɗiga kan filet, sabo ma sulɓewa zai yi. Leƙa ƙarƙashin inda inji ya haɗu da giyabos. Man giya yana da wari mai hawa kai kamar ruɓaɓɓen ƙwai, da shi ake bambance shi da baƙin mai.

Abin da ke cinye filet kafin lokacinsa sananne ne: riƙe mota da rabin kuloci a kan hawa maimakon birkin hannu, ɗora ƙafa a kan feda ana tafiya, tashi da giya ta biyu, da lodin da ya fi ƙarfin mota. Golf da aka cika da buhuna har saman rufi, kulocinta ne ke fara biyan bashin.

Ribas na ƙara kullum in zan sa ta, ta ɗaya ma da ƙyar. Giyar ce ta lalace?

Galibi a'a. A yawancin tsofaffin motoci ribas ba ta da zoben da ke daidaita gudu, shi ya sa ita ce ke fara tona asirin kulocin da bai saki sosai ba. Taka kuloci har ƙasa, ƙirga biyar, sannan ka sa ribas. In ta shiga shiru, ba matsala, gaggawa kake yi. In har yanzu ta yi gurza, filet na ci gaba da juyawa. Wata alamar ita ce mota ta riƙa jan jiki gaba tana cikin giya alhali ƙafarka na ƙasa, ko kuloci ya riƙa kamawa tun feda na dab da ƙasa.

A fara da mai araha. Tabarmar ƙasa da ta naɗe a bayan feda tana hana ta kaiwa ƙarshe, kuma wannan ba wasa ba ne, yana faruwa. Sai waya da ta miƙe ko silinta suka fara tsinkewa, sai iska ko ƙarancin mai a na mai, sai hannun kuloci da ya tsage ko ya lanƙwashe, sai tsagewar ƙarfen da feda ke rataye a kai. Sai duk waɗannan sun fita lafiya ake tunanin ciki: filet ya karkace, ko tsatsa ta hana shi zamewa a kan sandarsa, ko yatsun murfi sun karye, ko ƙaramin boris na tsakiyar fulawil ya cije a motocin da ke da shi.

Feda ta yi laushi, wani lokaci ta zauna a ƙasa. In na yi ta bugawa sai giya ta shiga.

Wannan labarin mai ne, ba na filet ba. Duba kofi. In mai ya ragu, nemo inda yake fita: ɗaga robar mastar ƙasa ka ga ko da jiƙa, ka shafa bayan feda daga cikin mota, domin mastar sama kan zubar da nata a kan tabarma, ka kuma bi tiyo. In kofin birki suke sha tare, kada ka ƙara tafiya sai ka tabbatar ba birki ne ke yoyo ba.

In mai bai ragu ba, yi wannan: sa giya ta ɗaya, riƙe kuloci a ƙasa, ƙafa ɗaya na kan birki, ka jira rabin minti. Idan mota ta fara yunƙurin tafiya da kanta, robar cikin mastar sama ce ta gaji, mai na komawa baya ta ciki. Cire iska ba zai yi maganin wannan ba, sai dai ya kwantar na kwana biyu. Man birki yana shan danshi, shi ya sa ake son a canza shi duk shekara biyu. Wanda ya koma baƙi wuluk ya riga ya fara cin roba. Kuma kada a kuskura a zuba baƙin mai ko man sitiyari a kofin nan, ko na ɗan lokaci ne. Robobin kumbura za su yi.

Feda ta yi tauri har ƙafa na ciwo a cunkoso.

A na waya, yawanci wayar ce ta bushe ko ta ci rigarta, kuma canza ta aikin ƙasa da awa ɗaya ne. In sabuwar waya ba ta sauƙaƙa ba, murfi ne ya tsufa, ko boris na cijewa a kan bututun da yake zamewa. Feda mai tauri ita ke tsinka waya, don haka wanda ya canza waya biyu cikin 'yan watanni ya daina zargin wayar.

Mota na karkarwa in zan tashi, musamman a ta ɗaya da ribas.

Fara da robobin da inji da giyabos ke zaune a kai. Ja birkin hannu, wani ya tsaya daga gefe, ba daga gaba ba, ya kalli inji yayin da kake ɗan sakin kuloci a ta ɗaya da ribas. In inji na tsalle, roba ta yage. In yana zaune daram, to mai ya taɓa filet, ko zafi ya ƙona fuskar fulawil ta yi tabo mai shuɗi, ko ƙananan sifirin na tsakiyar filet sun saki. Karkarwar da ke zuwa da sassafe a damina ta ɓace bayan tashi biyu ko uku danshi ne kawai. Injin da silinda ɗaya ba ya ci ma yakan yi irin wannan karkarwa, amma shi za ka ji ta ko mota na tsaye a firi.

Ina jin ƙara a wajen kuloci. Wane boris ne?

Ƙafarka ce za ta faɗa maka. Mota na tsaye a firi, inji na aiki, saurara. Ƙarar da ke fitowa da zarar ka fara taka feda ta ɓace in ka saki, boris ɗin kuloci ne. Ƙarar da ke nan ƙafa na sama, ta mutu in ka taka har ƙasa, daga cikin giyabos take, boris ɗin sandar shiga. Duba man giya kafin komai. Ƙarar da ba ta zuwa sai feda ta kai ƙasa mota na cikin giya, ƙaramin boris na tsakiyar fulawil ne.

Masu Golf mai giyar nan da ake kira 020 suna da sa'a a nan. Boris ɗin kulocinta ba ya kusa da inji. Yana can ƙarshen giyabos ta wajen tayar hagu, a bayan wani murfi, yana tura doguwar sanda ta tsakiya. Ana canza shi ba tare da an sauke giya ba. Wanda ya ce sai an sauke, ka tambaye shi dalili.

Giya ta biyu ce kawai ke gurza, sauran lafiya.

Kowace giyar gaba tana da zoben tagulla da ke daidaita gudun haƙora kafin su haɗu. Na ta biyu ya fi kowanne wahala, shi ke fara lalacewa. In kana so ka tabbatar, yi taku biyu: taka kuloci ka koma firi, saki, in sauka za ka yi ka ɗan buga totur, sake takawa ka sa giya. In ta shiga sumul ta haka, zoben ne. Mota na iya shekara da shekaru a haka in hannun direba na da haƙuri.

Amma ka tuna kulocin da bai saki sosai ba shi ke kashe waɗannan zobba, don haka a yi gwajin ribas da aka bayyana a sama kafin a buɗe giyabos, in ba haka ba sabon zoben ma bin sawun tsohon zai yi. In kuwa taurin da safe ne kawai lokacin hunturu, ya sake in mota ta ɗumama, duba amsar mai.

Giya na fita da kanta ina cikin tafiya.

A Golf mai 020, in ta biyar ce ke fita, tsaya ka duba mai yau ɗin nan. Giya ta biyar tana zaune a can ƙarshe, ita ce ke fara bushewa in mai ya ragu, kuma man duka kusan lita 2 ne, yoyo kaɗan daga wajen shaf, wato sandar da ke juya taya, ya isa. In an cika da wuri wani lokaci takan daina. In an bari, haƙoranta sun tafi. A kowace mota kuma, robar mazaunin inji da ta yage na iya fizge giya in ka saki totur, haka ma mahaɗan da ba a saita ba har giya ba ta shiga ta zauna. Bayan waɗannan ne ake maganar haƙora ko cokalin da ke tura giya a ciki.

Sandar giya na lilo, ina neman ta ɗaya ina samun ta uku.

Bushin ne, wato ƙananan robobi da ƙwallayen roba da ke mahaɗan sandar, ko wayoyin giya a motocin da ke da su. Wani ya riƙa motsa sandar kai kana kallo ta bonet, za ka ga inda motsin ke ɓacewa. Na taɓa ganin an canza wa wani bawan Allah giyabos sukutum, aka ɗaura, matsala na nan yadda take, ashe ƙwallon roba ɗaya ne ya fashe. Har yau abin na ɓata min rai in na tuna kuɗin da ya kashe.

Wane mai ya kamata a zuba a giyabos?

Wanda littafin motar ya faɗa, domin sun bambanta ƙwarai. Yawancin motoci masu jan gaba suna son 75W-90 ko 75W-80 mai lambar GL-4. Tsofaffin Honda na farkon shekarun 1990 baƙin mai 10W-30 aka rubuta musu. Kuskuren da ya fi yawa shi ne zuba mai kaurin nan 140 na aksul ɗin manyan motoci da nufin kashe ƙara. Ƙara kan ragu, amma giya za ta yi tauri da safe, zobba su sha wuya. Mai GL-5 kuma, sinadarin da ke cikinsa ba ya shiri da tagulla a wasu giyoyin. Ana duba mai mota na tsaye a shimfiɗaɗɗen wuri, ya kai bakin ramin cikawa. A kwance notin cikawa kafin na zubarwa, kada a zubar sannan a tarar na sama ya ƙi kwancewa. In man da ya fito ya yi fari kamar koko, ruwa ya shiga, abin da kan biyo bayan ratsa ambaliya. Ƙyalƙyalin tagulla a cikinsa zobba ne ke cinyewa.

Mota ta yi watanni a ajiye, feda lafiya, amma giya ta ƙi shiga sam.

Tsatsa ta manne filet da fulawil. Ɗumama inji a firi, kashe shi, kai motar fili, sa giya ta ɗaya, taka kuloci har ƙasa ka tayar. Za ta zabura gaba. Ka riƙe feda a ƙasa kana bugun totur kana saki har ka ji ya ɓalle. In bai saki ba bayan gwaji kaɗan, a bari a buɗe.

In dai sai an sauke giya, me zan canza?

Filet, murfi da boris, gaba ɗaya. Kuɗin aiki ɗaya ne, kuma sabon filet a ƙarƙashin gajiyayyen murfi ba ya daɗewa. A duba sil, wato robar da ke tare mai, na bayan inji da na sandar giyabos, a canza in akwai jiƙa ko kaɗan. A 020 har da ƙaramin sil na doguwar sandar nan, domin ta nan man giya ke bi ya sauka kan filet. Mota mai mastar ƙasa a ciki, a canza ta lokaci guda. A shafa fuskar fulawil, in ta yi kwari ko tsaga a kai a gyara. Ƙurar cikin wurin kada a hura ta da iska, tsofaffin filet na ɗauke da asbestos mai cutar huhu. A goge da jiƙaƙƙen tsumma.

In za ka kasuwa, Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Panteka a Kaduna, tafi da tsohon a hannu. Sunaye na rikicewa, abin da wani ke kira disk wani filet yake ce masa. A gwada faɗi, a ƙirga haƙoran tsakiya. Ɗan Beljiyam mai kyau ya fi jabun sabo, amma ka duba kaurin ɓawon a kan ƙusoshinsa da bakin yatsun murfi. Filet da aka sake wa ɓawo a gefen hanya kuwa, araha ba ta ado, sau da yawa karkarwa ke biyo baya.

An sa sabon kuloci, giya har yanzu ba ta shiga.

Mafi yawa iska ce ba a gama cirewa ba, ko waya ba a saita ba. In ba su ba, to an juya filet baya ya koma gaba, ko ba nasa ba ne, ko an bar nauyin giyabos ya rataya a kansa lokacin ɗaurawa har ya karkace. Mayar da motar ga wanda ya yi aikin a ranar, kada ka yarda da cewa zai saki da kansa in ya ɗan yi aiki. Kulocin da bai saki a gareji ba, zobban giya zai ci.

Waya ta tsinke ko mai ya tsiyaye a hanya. Zan iya kai mota gida?

Za ka iya fitar da ita daga wuri mai haɗari zuwa gari mafi kusa, in hanya ba cunkoso. Ɗumama inji a firi, kashe, sa giya ta ɗaya, tabbatar babu kowa a gaba, ka murza makulli da ɗan totur. Mota za ta yi tsalle ta tashi. In za ka canza, sassauta totur ka zare zuwa firi, ka jingina sandar a bakin giya ta gaba da matsi kaɗan. In gudun inji ya daidaita za ta faɗa da kanta. Kada ka tilasta. In tsayawa ta kama, zare zuwa firi ka taka birki, sannan ka sake farawa daga kashe inji. Batir da sitata ne ke ɗaukar wahalar, don haka a cikin gari, inda tsayawa ke da yawa, gara a sa ta a firi a ja ta.